Injin wanki mai ƙofa a gaba ko mai murfi a sama: wanne ya dace da gidanku?

Wanda ya shiga shagon kayan wuta da niyyar sayen injin wanki, kafin ya gama sallama idonsa ya riga ya sauka a kan mai ƙofar gilashi a gaba. Shi ne mai kyan gani, shi ne mai fitilu da maɓallai, kuma shi ake jerawa a bakin ƙofa domin shi ya fi kuɗi. Can ciki ga masu murfi a sama, wasu dogaye masu ganga ɗaya, wasu masu faɗi da baho biyu. Tambayar da kowa ke yi wa yaron shago ita ce, “Wanne ya fi fitar da wanki?” Tambaya ce mai kyau, sai dai ba ita ya kamata ta zo farko ba. Injin da ya fi kowanne iya wanki shi ne ya fi kowanne sharuɗɗa. Gidaje da yawa an zuba kuɗi masu nauyi an sayo shi, ƙarshe ya koma wurin ɗora kwando, saboda ruwan gidan ko wutar gidan ba su iya da shi ba.

Bambancin nasu daga ganga ya faro. Mai ƙofa a gaba gangarsa a kwance take. Ruwa kaɗan yake ɗiba, iya wanda zai jiƙa kaya sosai, sai gangar ta riƙa juyawa, wasu fikafikai da ke jikinta su ɗaga kayan sama su sako su, kamar yadda mai wanki ke ɗaga riga ya buga a kan dutse. Mai murfi a sama gangarsa a tsaye take, sai ruwa ya sha kan kaya, sannan wani faifai da ke ƙasa ya riƙa juyawa dama da hagu yana kaɗa ruwan da kayan tare. Shi wannan iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai mai sarrafa kansa, wanda zai ɗebi ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ba tare da an sa masa hannu ba. Akwai kuma mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, wanda mutum ne ke zuba ruwa, ya murɗa taima, ya kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan. A ƙasashen da famfo da wuta ba sa yankewa ba a cika sa mai baho biyu a lissafi ba. A wajenmu barin sa a waje rashin adalci ne ga mai saye, don haka da shi za a yi awon.

Abubuwan da za a auna

Na farko ruwa, kuma ba samuwarsa kaɗai ba. Daga ina yake zuwa, nawa ake kashewa a kansa, da wane ƙarfi yake fitowa daga famfo? Gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama daban yake da gidan da ke jiran 'yan garuwa su turo kura da jarkoki. Maganar ƙarfin ruwa ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ta fi kayar da mutane. Lissafinta ba wuya: duk mita ɗaya na tsayi tsakanin ruwan da ke cikin tanki da bakin injin yana ba da kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira “bar”, wato sai mita 10 ake samun bar 1. Tankin da aka ɗora a kan ƙarafa masu mita 3 a gidan ƙasa ba zai wuce bar 0.3 da wani abu ba, alhali littafin yawancin injuna masu ƙofa a gaba yana neman aƙalla bar 0.5, wasu ma har bar 1.

Na biyu wuta. Awa nawa take yi a jere ba ta ɗauke ba? In ta ɗauke, me ake kunnawa, ƙaramin janareta ne ko babba, ko sola? Tana zuwa daidai, ko tana rawa, yanzu ƙasa anjima sama?

Na uku irin kayan da ake wankewa: yunifom ɗin yara da kayan Islamiyya kullum, ko kayan fita masu aiki da duwatsu, ko barguna da labule bayan ƙurar hunturu. Sai kuɗi, wanda ya haɗa da na saye da na girkawa da na gyara. Na ƙarshe, wa zai riƙa yin wankin, lokaci nawa yake da shi, kuma akwai ƙananan yara a gidan?

Mai ƙofa a gaba

A fagen wanki zalla ba shi da na biyu a cikin ukun. Ɗagawa da sakowar da yake yi na tsawon lokaci yana fitar da daƙwalon wuyan riga da bakin hannu fiye da kaɗawar faifai, kuma ba ya murɗe kaya. Dogon hijabi da zani da mayafi suna fitowa a sake, ba a naɗe da juna ba. Yana da hita a ciki, yana iya dafa ruwa zuwa digiri 40 ko 60, wasu har 90, abin da ke da amfani ga tawul, zanen gado, kayan jariri da na majinyaci. Wajen matsewa gangarsa na juyawa sau 1,000 zuwa 1,400 a minti ɗaya, kaya su fito ba sa ɗiga, iska kaɗan ta ishe su.

Ruwa kuwa, mai kilo 7 ko 8 yakan sha lita 45 zuwa 60 daga farkon wanki har ƙarshe. Jarka biyu ke nan ta lita 25, ko biyu da rabi. Abin takaicin shi ne wanda ya fi kowa bukatar wannan tsimi, wato mai sayen ruwa a jarka, shi ne ba zai iya amfani da injin ba, domin ba a zuba masa ruwa da bokiti. Ta tiyo yake sha, kuma da ƙarfi. In ƙarfin ya gaza, zai daɗe yana jan ruwa, garin sabulu ya daskare a aljihun da ake zuba shi bai gangara ba, daga baya injin ya tsaya ya nuna alama a fuskarsa: na LG kan rubuta IE, na Samsung kuma 4C ko 4E. Mutane da yawa sukan ɗauka injin ne ya lalace, alhali tanki ne bai kai tsayi ba. Maganin abin shi ne ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa a bututun da ke zuwa injin, ko a ɗaga tankin. Duk biyun kuɗi ne, kuma ya kamata a sa su a lissafi tun kafin a biya kuɗin inji.

Ruwan burtsatse yana da nasa hali. In yana ɗauke da yashi, ƴar ragar da ke bakin tiyo za ta riƙa toshewa, sai an riƙa kwancewa ana wankewa. In kuma irin ruwan nan ne da ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi, haka zai bar shi a jikin hita har ta ƙone.

Wajen wuta akwai abin da ake yawan fahimta a baibai. Moton da ke juya gangar ba ya cin wuta sosai, ƴan ɗaruruwan wat ne. Hita ce mai ci, wajen wat 2,000. A kuɗin mita abin bai kai a tayar da hankali ba: ɗumama lita 15 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin kimanin yunit 0.6. Ko a rukunin Band A, na waɗanda suka fi samun wuta a Najeriya, inda aka ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta shi, wannan bai kai naira 150 ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce nauyin da hita ke ɗorawa a lokaci guda. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ko kusa ba zai ɗauka ba, ƙaramar inbata kuma nan take za ta yi ƙara ta kashe kanta. Mai sola ko matsakaicin janareta sai ya zaɓi wanki da ruwan sanyi, hita ta zauna a kashe. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi wannan ba asara ba ce, domin a watan Afrilu ruwan tankin da rana ta doka tun safe ya riga ya yi ɗumin da ake nema kafin azahar.

Sai tsawon lokaci. Cikakken wankin auduga yakan ɗauki awa biyu, wani har uku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, barin janareta yana ruri awa uku saboda wanki ba ƙaramin abu ba ne. Akwai gajerun shirye-shirye na minti 15 zuwa 30, amma na kaya kaɗan ne marasa datti sosai. In kuma wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, ƙofar a kulle take, kaya na ciki cikin ruwan sabulu. Yawancin na zamani suna ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma in ta kwana biyu ba ta dawo ba, sai an buɗe ƴar ƙofar da ke ƙasa an tsiyaye ruwan a faranti kafin a samu fitar da kayan. Wanda yunifom ɗin 'ya'yansa ya taɓa kwana a ciki daren Lahadi ya san zafin abin.

Kulawa yake so, kuma kulawar ta kullum ce. Robar da ke zagaye da bakin ƙofa tana da lanƙwasa inda ruwa ke kwanciya. A ɗaga ta da yatsa bayan wata biyu ba a goge ba, za a tarar da wani baƙin yauƙi mai wari, tare da gashi da zare. A riƙa gogewa bayan wanki, a bar ƙofar a ɗan buɗe ta sha iska. Matatar da ke ƙasa ita ma a riƙa kwancewa: a nan ake tsintar murfin biro, ƙwallon dabino, fil ɗin ɗaura mayafi da duk abin da aka manta a aljihun yara. Sabulu kuma sai mai ƙarancin kumfa wanda aka yi domin injin. Garin wankin hannu yana cika gangar da kumfa, kayan su riƙa shawagi a kai maimakon su faɗo, wanki bai fita ba, ɗauraya kuma ta ƙi ƙarewa.

Nauyinsa kilo 60 zuwa 70 ne, saboda akwai tubalan kankare a ciki da ke hana shi tsalle. Yana bukatar daɓe mai ƙwari kuma a miƙe. Sabo yana zuwa da manyan kusoshi a baya da ke riƙe gangar saboda tafiya, kuma wajibi ne a cire su kafin a kunna; in aka manta, injin zai yi ta rawa yana tafiya a tsakar ɗaki har ya ji wa kansa. A adana kusoshin domin ranar tashi. Ga ɗan haya mai sauya gida duk shekara biyu, wannan nauyi abin dubawa ne.

Shi ya fi tsada a saye, shi ya fi tsada a gyara. In an kula da shi yana daɗewa, amma abubuwa biyu ne ajalinsa: bod ɗin da ke sarrafa shi, wanda rawar wuta ke ƙonawa, da boris ɗin ganga, wanda in ya tafi za a ji injin na ruri lokacin matsewa. Canza boris aiki ne na kwance injin gaba ɗaya, a wasu samfuran ma bahon a liƙe yake, sai dai a canza shi dungurungum. Garantin shekara 10 da ake gani manne a gaban wasu, irin wanda LG ke bayarwa, na moto ne kawai. Bai shafi bod ba, kuma bod ne ya fi mutuwa a wutarmu. Saboda haka sitabilaiza mai ƙarfin ɗaukar hita ba ado ba ce, ɓangare ce ta farashin.

Mai murfi a sama mai sarrafa kansa

Wannan shi mutane ke ɗauka a matsayin tsaka-tsaki, kuma ta wasu fuskoki haka ne. Kuɗinsa bai kai na mai ƙofa a gaba ba. Yawancinsu ba su da hita, don haka wat 400 zuwa 600 ya ishe su, matsakaicin janareta ko inbata za su ɗauka ba gardama. Wanki yakan ƙare cikin minti 40 zuwa awa ɗaya. Ba a durƙusawa, ana tsaye ake zuba kaya, abin da dattijuwa mai ciwon gwiwa ko mace mai juna biyu za ta yaba. Sai dai gajeren mutum zai sha miƙa kafin ya ciro safa daga ƙasan babbar ganga. In an manta da riga ɗaya, a dakatar da shi, a ɗaga murfi, a jefa. In wuta ta ɗauke, a ɗaga murfi a kwashe kaya a ƙarasa da hannu. Yana haƙuri da raunin famfo fiye da ɗan'uwansa, ko da yake zai daɗe kafin ya cika. Nauyinsa kilo 30 zuwa 40, mutum biyu sun ɗauke shi.

Inda yake cin mutum shi ne ruwa. Tunda sai kaya sun nutse, a wanki da kuma kowace ɗauraya, mai kilo 7 ko 8 yakan sha lita 100 zuwa 150. Jarka huɗu zuwa shida ke nan a zubi ɗaya. Gidan da ake zubi uku ranar Asabar zai ga tankin lita 1,000 ya sauka kusan rabi. In burtsatsen gidan na da ruwa kuma akwai wutar tura shi sama, ba komai. In tanka ake saye, ko rijiyar na ja baya a watan Maris da Afrilu, wannan inji zai zama abin faɗa tsakanin maigida da uwargida.

Wankinsa na da kyau ga kayan yau da kullum, amma faifan yana murɗe dogayen kaya. Hijabai uku da zani biyu in suka shiga tare, sukan fito a tufke kamar an yi da gangan, sai an zauna ana warwarewa, kuma wannan murɗa ita ke cin bakin ɗinki da sassauta zaren aiki a hankali. Jakar raga ta wanki tana rage ɓarnar, kuma ba ta da tsada. Matsewarsa ba ta kai ta mai ƙofa a gaba ba, wajen juyi 700 a minti, amma a ƙasar da rana ke busar da zani cikin awa ɗaya ba na ganin wannan a matsayin aibi, in ban da tsakiyar damina.

A lura da magudana. Da yawa daga cikinsu ba su da famfon fitar da ruwa, gangarowa yake yi da kansa, don haka tiyon sai ya kwanta ƙasa zuwa rariya. Mai ƙofa a gaba yana iya tura ruwansa sama kusan mita ɗaya. Ɓera kuma yana son ƙasan wannan inji. Faifan rufe ƙasa da ke zuwa a cikin kwali a tabbata an ɗaura shi, kada a jefar da shi tare da kwalin.

Shi ma yana da bod, don haka rawar wuta na iya kashe shi. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, shi ma sai da famfo da wuta, ko da bukatarsa ba ta kai ta mai ƙofa a gaba ba, amma bai ba da tsimin ruwa da taushin wankin wancan ba. Abin da yake sayarwa shi ne sauri da sauƙi.

Mai baho biyu

Ba shi da kwarjini a shago, jikinsa roba ne, maɓallansa na murɗawa ne. Amma shi kaɗai ne a cikin ukun aka ƙera domin gidan da ba a da tabbacin komai. Da bokiti ake zuba masa ruwa, ko na rijiya ko na jarka. Ba shi da bod, taima ce ta ƙarfe da roba, don haka rawar wuta ba ta cika yi masa illa ba. Moton wanki na cin wat 300 zuwa 450, na matsewa bai kai haka ba, ƙaramin janareta ya ɗauke shi. Zubi ɗaya minti 15 ne, ko ƙasa. In an kawo wuta ta awa ɗaya, mai hanzari ta gama wankin gida kafin a ɗauke.

Ruwa a hannun mai wanki yake. Ana iya farawa da fararen kaya, a kwashe, a zuba masu launi a ruwan sabulun nan, a ƙare da tsummoki da safa, sannan ruwan ɗauraya ya tafi wankin tsakar gida ko banɗaki. A nan akwai abin kiyayewa game da tsarki. Kayan da najasa ta taɓa, kamar wandon yaro ko zanen gadon da aka yi wa fitsari, a fara kawar da ita da ruwa a waje kafin a jefa su cikin kowane irin inji. A mai baho biyu abin ya fi zama dole, tunda ruwa ɗaya ake maimaitawa. A kuma yi ɗaurayar ƙarshe da ruwa mai tsabta wanda ba sabulu a cikinsa.

Gyaransa araha ne. Bel, kafasita, taima, igiyar birkin bahon matsewa: duk mai gyaran fanka ko firji a unguwa zai iya da su, kayan kuma suna nan a kasuwa. Kuɗin mai ƙofa a gaba guda ɗaya yakan sayi irin wannan guda biyu, wani lokaci har da canji.

Amma kada a yaudari kai, wannan taimakon wanki ne, ba hutu daga wanki ba. Sai an tsaya a kansa, hannu cikin ruwa, ana ɗaga jiƙaƙƙun kaya daga baho zuwa baho. Bahon matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta, inji mai kilo 8 ba zai matse kilo 8 a zubi ɗaya ba, babban bargo kuma sau da yawa ba ya shiga. In ba a danna kaya daidai an rufe da ƴar robar da ke zuwa da shi ba, bahon zai riƙa dukan bango. Rana tana cinye jikinsa in aka bar shi a tsakar gida, robar ta yi fari ta fara tsagewa. Shi ma yana murɗe kaya, har ya fi mai sarrafa kansa.

Haɗarinsa kuma na gaske ne, ina so a ji wannan da kyau. Ana aiki da shi a jiƙaƙƙen daɓe, sau da yawa ba takalmi, da wayar jona da aka ja daga ɗaki, a gidajen da ba a yi musu wayar sauke wuta ƙasa ba. A sa mai wayarin ya yi masa soket nasa a bango, sama da inda ruwa ke fantsama. Kada kuma a bar baho cike da ruwa a tafi amsa sallama alhali akwai yaro mai tatata a kusa. Yaro na iya taka bokiti ya leƙa ya faɗa da ka. Mai ƙofa a gaba shi ma yara na shiga cikinsa wasan ɓuya, don haka a duba ganga kafin a kunna, a kuma yi amfani da makullin yara da ke jikin maɓallan.

A dunƙule

| Abin dubawa | Mai ƙofa a gaba | Mai murfi a sama, mai sarrafa kansa | Mai baho biyu |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi tsada | Matsakaici | Mafi araha |
| Ruwa a zubi ɗaya | Lita 45 zuwa 60 | Lita 100 zuwa 150 | Yadda mai wanki ya tsara |
| Hanyar shan ruwa | Famfo mai ƙarfi | Famfo, ko da mai rauni | Bokiti ko tiyo |
| Wuta | Wajen wat 2,000 in hita na aiki | Wat 400 zuwa 600 | Wat 300 zuwa 450 |
| Tsawon wanki | Awa 1 zuwa 3 | Minti 40 zuwa 60 | Minti 15 kowane zubi, ban da ɗauraya |
| In wuta ta ɗauke | Ƙofa a kulle | A ɗaga murfi | A ɗaga murfi |
| Tausaya wa kaya | Sosai | Yana murɗewa | Yana murɗewa |
| Gyara | Tsada, sai ƙwararre | Matsakaici | Araha, ko'ina |
| Aikin hannu | Babu | Babu | Da yawa |

Abu biyu kafin zaɓi. Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne. Gida mai mutum huɗu ko biyar kilo 7 zuwa 8 ya ishe shi, mai yawan jama'a ya nemi 10 ko fiye. Sannan a fifita sunan da ke da wurin gyara da kayan canji a garinku. LG da Hisense suna shigowa Najeriya ta hannun Fouani, Haier Thermocool kuma ta PZ Cussons. A tambayi mai shago inda ofishin gyaran yake, a karɓi rasiti da katin garanti.

Na hannu, wanda ake kira Beljiyam, yawanci masu ƙofa a gaba ne daga Turai, kuma wutarsu ɗaya da tamu, bolt 230. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, a bar shi. Duk wanda za a saya a sa a gwada shi da ruwa har ya kai ga matsewa, a kasa kunne. In yana ruri, boris ne, kuma arahar ta tashi a banza.

Wa ya dace da wanne

Gidan da ke da famfo mai ƙarfi ko famfon ƙari, da wuta mai daɗewa ko babbar sola, musamman in miji da mata duk suna fita aiki, su ɗauki mai ƙofa a gaba, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Haka mai zama a bene a Abuja ko Kaduna inda wuri ya yi ƙaranci, domin faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa 85, yana shiga ƙarƙashin kantar kicin. Haka gidan da ke da jariri ko majinyaci da ake bukatar ruwan zafi. Amma kada a ƙara kuɗi a kan mai haɗe da na'urar busarwa sai in babu wurin shanya. Wuta yake ci ba kaɗan ba, kuma abin da yake busarwa bai kai abin da yake wankewa ba.

Gidan da ruwa ya wadata, burtsatse na aiki rani da damina, amma wuta sai a hankali, kuma ana son a danna maɓalli a tafi wani aiki, mai murfi a sama mai sarrafa kansa ne nasu. Shi zan zaɓa wa iyaye tsofaffi, saboda ba durƙuso kuma maɓallansa ba su da rikici.

Gidan da ake sayen ruwa a jarka ko ake ja daga rijiya, gidan haya, gidan da ƙaramin janareta ne madogara, ko babban gida mai yara goma da tulin yunifom, su sayi mai baho biyu babba, su sa ragowar kuɗin a soket mai kyau da rumfar da za ta kare shi daga rana.

Iyayen da ke haɗa wa ƴarsu kayan ɗaki, don Allah a fara aika wani ya ga gidan da za ta zauna: ina tankin yake, akwai famfo da rariya a inda za a ajiye injin, wace irin wuta unguwar ke samu. In ba a samu wannan bayani ba kafin biki, a ajiye mata kuɗin, ta saya da kanta bayan ta tare ta ga yadda gidan yake.

Shadda mai tsada, babbar riga mai aikin hannu da leshi mai duwatsu kuwa, ko wane inji aka saya, a ci gaba da wanke su da hannu ko a kai wa masu wanki da bugu.